Kafin Ruwa Ya Sake Rufe Tudunmu

Tudun Wada, Gombe.

Assalamu alaikum, Ummi.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki da maigidanki. Ina fatan kun tashi lafiya, kuma zafin bazarar nan bai hana ku barci ba kamar yadda ya hana mu. Allah Ya tsare ku a gida, Ya tsare ku a kan hanya. Babanku yana gaishe ku. Ga shi nan zaune a gefena yana tambayata wai me zan rubuta wa yarinyar da ke nan unguwar Gabukka, inda ko ɗan acaɓa ba ya kukan nisa. Na ce masa abin da ba ta bari in faɗa da baki. Kin san halinki, da na fara magana sai wayarki ta yi ƙara, kafin ki ajiye ta na manta inda na tsaya. Sai ki yi haƙuri da rubutuna na 'yan yaƙi da jahilci.

Ranar da kika zo kika nuna mini tsarin tafiyarku a waya na ji daɗi ƙwarai. Kin ce kafin ku tattara ku koma Fatakwal wurin sabon aikinsa, za ku zaga ƙasar nan da mota, ke ki kalli tsuntsayenki, shi ya ga tsofaffin garuruwa. Dukku, Gombe Abba, Bajoga, Nafada, sannan ku juyo kudu zuwa Kaltungo da Tula. Tsari ya yi kyau. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, kuma shi ya sa na ɗauki biro. Dadin Kowa tsayawar hanya kawai kika ba ta, ku leƙa bakin dam, ku ɗauki hoto, ku wuce. Ummi, a ƙarƙashin ruwan nan ƙauyenmu yake, da kabarin Inna, kakarki da kika ci sunanta. Mutum ɗaya ya rage a danginmu wanda zai iya tsayar da kwalekwale ya ce nan ne, shi ne yayana, Kawunki Sale, kuma ya tsufa. So nake ki je ya nuna miki a wannan tafiyar. Zan dawo kan maganar. Bari in fara ba ki ɗan abin da na sani game da irin wannan yawo, kada ki ce tsohuwar nan roƙo kawai ta iya.

Abin dariya, ni da aka raine ni a kan korar tsuntsu, yau 'yata ce za ta ƙona mai ta je kallonsa. Muna yara, da shinkafa ta fara kai, Inna kan tashe mu ni da Kawunki Sale, wanda nake kira Hamma, tun da duhu-duhu, ta zuba mana ɗumame a kwano, mu nufi gona a bakin Gongola. Akwai doguwar rumfa a tsakiyar gonar, an ja igiyoyi daga jikinta zuwa kowane gefe, an rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Tsuntsayen jan baki su sauka, mu ja igiya, mu yi ta ihu har murya ta dushe. Har gobe ba na ƙaunar jan baki, kada ma ki kawo mini hotonsa. Amma tsakanin tashin wannan garke da saukar wancan, babu abin yi a kan rumfar sai kallo. Ga zalɓe tsaye a cikin ruwa tun safe, sai ki rantse ya manta abin da ya kawo shi. Ga ƙirinjijiya suna wucewa ta kanmu da fito. Ga ragon maza a cikin ciyawa yana kukan nan nasa kamar ana tsiyaye ruwa daga gora. Wata rana kuma gauraka su sauka, mace da namiji, su yi ta tsalle suna buɗe fukafukai, har Hamma ya saki igiya ya bar jan baki su ci rabonsu. Ban san sunan abin da muke yi kallon tsuntsaye ba, sai da kika dawo daga jami'a da littafinki mai hotuna. Da yawa a cikinsa ban taɓa gani ba, ƙananan kuwa duk suna ɗaya muke kiransu da shi, ɗan tsuntsu.

Kuskurena na farko ado ne da jinkiri. Lokacin ina amarya, Babanku yana jan a-kori-kura, yana kai wa Kanawan kasuwa kaya garuruwan ƙauye. Tun a lokacin yana da wannan ciwon irin na maigidanki, ba ya wuce rusasshiyar ganuwa bai taka birki ba. Na dame shi da labarin gauraka, sai ya ce ai akwai kogi a Gombe Abba, in shirya mu je in nuna masa. Na kuwa shirya. Na ɗaura atamfata ja mai ɗaukar ido, na cika hannu da awarwaro, na yi wanka da turare. Sai da na dafa abin kari, na wanke kwanuka, na share tsakar gida, sannan muka fita. Muka isa bakin kogi rana ta take tsaka. Babu kowa sai jakuna biyu da balbela a bayan wata saniya. Ɗan abin da ya rage a cikin ciyawa, awarwarona ya sanar da shi zuwana tun daga nesa.

Babanku ya dube ni ya ce, "Ina gaurakar taki?"

Na ce, "Tana nan, hutawa take yi."

Ya ce, "To mu ma mu je mu huta."

Ni da na san tsuntsu da sassafe yake fitowa, zaman birni na wata kaɗan ya mantar da ni. Don haka ki tsara yininku yadda kowa zai sami nasa. Tsuntsu na asuba ne, gari na hantsi ne, tsakar rana ta inuwa ce, dattawa kuma bayan la'asar suke sakin baki da labari. Duk ruwan da kike son gani da safe, ki kwana kusa da shi. Kada ki ce za ki taso daga Gombe ki riske shi. Ki sa tufafi masu duhun launi, mayafin nan naki ruwan ƙasa ya isa. Ki bar turare a jaka, ki rufe bakin wayarki.

Na biyu ya fi ba ni kunya, a Nafada ya faru. Mun sauke kaya a kasuwa, Babanku ya tafi neman wanda zai nuna masa inda Turawa suka taɓa zama. Ni kuma na hango burtu biyu a bayan gari suna tafiyarsu ta ƙasaita. Rabona da burtu tun ina yarinya. Na bi su a hankali, idona a kansu, ban duba inda nake sa ƙafa ba. Sai na ji murya a bayana.

"Ke 'yar nan, baƙuwar waye?"

Wata tsohuwa ce da ɗan itace a ka. Mu kuwa ba mu sauka wurin kowa ba. Ta ce, "Kin san a kan wa kike tsaye?" Na duba ƙasa, sai na ga fasassun tukwane a jere, ƙasa ta kusa cinye su. Tsohuwar maƙabarta ce, ni kuwa ina tsakiyarta da takalmi. Na cire takalmin na fito da baya ina ba ta haƙuri. Ba ta zage ni ba. Ta sa ni gaba har ƙofar mai unguwa, aka aika aka kira Babanku. Muka zauna a kan tabarma, aka kawo ruwa, aka tambayi asalinmu da abin da ya kawo mu. Da dattijon ya gamsu sai ya haɗa mu da ƙanensa, ya zaga da mu har tsohon mashigin kogi, ya nuna mana abubuwan da ko mun yi mako muna yawo ba za mu gano da kanmu ba.

Tsohon gari ba kango ba ne, Ummi, da masu shi. Duk inda kuka shiga ku fara da gaisuwa. Ku nemi mai unguwa ko jauro, ku riƙe ɗan goro, ku faɗi sunanku da na iyayenku. Kada ki ga kamar ɓata lokaci ne. Yanzu ma abin ya fi da, don mutanen karkara sun ga abubuwa, ba sa sakin jiki da baƙon da ya fito daga mota da madubin hangen nesa a wuya. Ki miƙa wa dattijo madubin ya leƙa da kansa, za ki ga yadda fuska ke sakewa. In kun sauka bakin kogi ki duba ko mata na wanki ko wanka kafin maigidanki ya ɗaga madubin nan, don babu wanda zai yarda zalɓe yake kallo. Kada ki ɗauki hoton mutum ba ki tambaye shi ba. In 'yan banga sun tsayar da ku, ku sauke gilashi ku yi sallama, ku amsa abin da aka tambaye ku ba tare da Turanci ba.

Na uku haɗama ce, kuma ita nake hangowa a tsarin nan naku. Mun yi niyyar Tula, don Babanku ya daɗe yana son ganin tsohon gidan yarin nan na dutse da ke can sama. Ni na ce tunda hanya ɗaya ce, mu tsaya Billiri in gaida wata ƙawata, mu shiga kasuwar Kaltungo in sayi tukunya, sannan mu hau. Da safen ranar maƙwabcinmu Baban Ngozi, mai sayar da kayan mota, ya leƙa injin ya ce, "Maman yara, bel ɗin nan ba zai hau dutse ba, ku bari in canja." Na ce rana na yi, in mun dawo a canja. Bel kuwa ya tsinke muna tsakiyar hawa. Babanku ya bi wata mota ya koma Kaltungo nemo wani, ya bar ni ƙarƙashin wata ɗorawa da tukunyata. Wata mata da ke dawowa daga gona ta ba ni ruwa da gyaɗa, ba na jin yarenta, Hausarta kaɗan ce, amma mun yi hira har da dariya. Da ta tafi na zauna shiru. Sai ga cilakowa ya sauka a reshen da ke kaina, sai ga tsirya garke guda, sai wani shuɗin tsuntsu mai dogon bindi da har yau ban san sunansa ba. Ban taɓa ganin tsuntsaye a kusa haka ba, kuma don na rasa yadda zan yi ne na zauna wuri ɗaya. Mun isa Tula ana kiran magariba. Babanku ya shafa bangon gidan yarin da hannu, ya leƙa ciki bai ga komai ba, muka juyo. Bai yi mini magana ba sai da muka wuce Kumo.

Saboda haka ki rage garuruwan nan. Gara ku zauna a uku ku san su, da ku ratsa bakwai ku dawo da hotunan allon bakin hanya. Ku kai motar shagon Baban Ngozi, ɗansa ne a wurin yanzu, duk abin da ya ce a canja ku canja. Ku ɗauki ruwa fiye da yadda kuke zaton za ku sha, da na mota daban. Rana ta faɗi ta same ku a masauki, ban yarda da tafiyar dare ba ko ta kusa ce. Kada ki cika bayan mota da abincin gwangwani, ki sayi fura da nono wurin matan Fulani, ki sayi kifi a bakin ruwa, a nan hira ke farawa, su za su gaya miki inda dinya ke kwana. In kuma maigidanki ya tsaya gaban wani tsohon bango yana ta tambaya, ki bar shi ya gama, kada ki riƙa duba agogo. Shi ma gobe da asuba zai zauna cikin sauro saboda ke. Inda za ku ba ku da kowa sai junanku, gara ku fara koyon jiran juna tun a nan.

To, na dawo kan maganata.

Inna ta rasu shekara guda kafin a tashe mu. Da ruwan dam ya fara tahowa aka kwashe mu a manyan motoci zuwa sabon wuri a kan tudu. Mun ɗauki ƙofofi, mun ɗauki azara, har turmi ba mu bari ba. Kabari kuwa ba a ɗaukarsa. Ba a jima ba aka yi aurena na taho Gombe, Hamma ya zauna can ya koma kamun kifi. Sau ɗaya na koma neman wurin, bayan haihuwar yayanki, kuma nan na yi kuskuren da ya fi zauna mini. Da kaka na je, don lokacin ne Babanku ke da lodi ta wajen. Ban tambayi kowa ba. Hamma ya gan ni ya ce, "Yanzu kika zo? Ai ruwa ya cika maƙil." Duk da haka ya sa ni a kwalekwale, ya yi ta tuƙi, can ya tsaya ya ce nan ne. Na duba gabas, na duba yamma, ruwa ne kawai. Na yi addu'a, amma zuciyata ba ta yarda na zo gida ba. Na yi kuka har na ba shi haushi.

A hanyar dawowa ya ce in sake zuwa da bazara. Wai in ruwa ya ja baya sosai, tudun da masallacinmu da maƙabarta suke yakan fito, ya yi 'yan makonni a waje. Ana ganin duwatsun niƙa a zube, da gutsattsarin tukwane, da jerin duwatsun gindin masallaci. Ya ce ƙirinjijiya da zalɓe nan suke taruwa, har ba ka ganin ƙasa sai sun tashi. Na ce in sha Allahu baɗi. Baɗi ta zo ina da cikinki. Wata bazarar azumi, wata rashin lafiyar Babanku, wata kuma babu dalili, zafi kawai na ji tsoro. Ina ganin tudun yana nan, Hamma yana nan, ni ma ina nan. Yanzu ga gwiwoyina, kin san ko salla a kan kujera nake yi. Ba zan iya naɗe ƙafa a cikin kwalekwale ba, likita ma ya hana ni zama cikin rana. Wannan ya wuce ni, na kuma haƙura, ko da yake ba ƙaramin ciwo yake yi mini ba.

Makon jiya na sa aka kira mini Hamma a waya. Muryarsa ta yi ƙasa, sai na ce ya maimaita. Ya ce, "Tudun ya fito. In mai sunan Inna za ta zo, ta zo kafin shamuwa ta iso, don da an fara ruwa a sama zai nutse. Baɗi kuma ban yi miki alkawari ba, kafaɗata ta gaji da tuƙi." 'Ya'yansa duk bayan tashi aka haife su, suna nan cikin gari suna jan keke. In kin tambaye su za su kai ki wani tudun su ce shi ne, don tuddan da yawa, kuma a wurinsu duk ɗaya ne.

Na san ƙauyenmu ba ya cikin littattafan da maigidanki ke karantawa. Ba mu yi sarki ba, ba mu yi ganuwa ba, ba wanda ya taɓa zuwa yaƙi da mu. Ƙauye ne na manoma shinkafa da masu korar tsuntsu. Amma daga nan kika fito, kuma za ki tafi inda in an tambaye ki garinku za ki ce Gombe ki yi shiru. In sai an cire wani abu kafin wannan ya shiga, a cire Tula. Dutse ne, zai jira ku har ku zo hutu. Ki gaya wa maigidanki ni na roƙa, na san ba zai ƙi ni ba.

Ku kwana gidan Kawunki. Ɗakin ba wani ɗaki ba ne, ku tafi da gidan sauronku. Ku fita bayan sallar asuba kafin iska ta tashi. Ku nemi rigar ruwa ku sa, kada ki ji kunyar masunta. Akwai dorina a ruwan nan, in Kawunki ya ce a yi shiru ku yi shiru, in ya ce a koma ku koma. Ki bar maigidanki ya karɓe shi tuƙi in ya yarda, ko da yake da wuya, taurin kai ne da shi tun muna yara. In kun kusa, ki ɗaga madubinki ki kalli tsuntsayenki son ranki kafin su tashi, wannan rabonki ne. In kun sauka ki cire takalmi. Ki ce ya nuna miki gefen da Inna take, ki yi mata addu'a, ki yi wa sauran da ke kwance tare da ita, don sun daɗe ba su ji sallamar kowa ba sai tasa.

Sannan abin da na fi so, ki sa ya koya miki yadda yake gane wurin. Ya taɓa gaya mini yana daidaita kan Dutsen Bima da wata tsamiya ta ƙetare, ban fahimta ba, hankalina ba ya wurin a ranar. Ke ki fahimta. Ki tambaye shi har ya gaji da ke, ki sa a wayarki in tana iya riƙewa, ki kuma sa a kanki. Ni hanyar ƙafa na sani. Daga bakin kasuwa ki bi ta bayan rijiya, ki wuce gidan maƙera, ƙofa ta biyu mai zana ita ce tamu. Ko yanzu aka rufe mini ido zan kai kaina. Amma wannan hanyar babu ita, Ummi, kuma ban koyi ɗayar ba. In Hamma ya tafi ba ki karɓa ba, shi ke nan an bar Inna ita kaɗai.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya. Ya kare ku daga sharrin ƙarfe da sharrin ruwa da sharrin mutum. Ya haɗa ku da mutanen kirki a kowane gari kuka sauka, Ya sa albarka a zamanku na can. Allah Ya jiƙan Inna, Ya ba Hamma ƙarfin kafaɗa har ku je ku dawo. Allah Ya yi miki albarka. Ki kira shi yau, kada ki bari sai gobe.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Dada.